Motar Baffa da Dawar Kaka

Ranar Asabar ɗana ne ya shigo mini da warin, a hannunsa da rigarsa, warin banzin, wato fetur, da aka wanke tsohon ƙarfe a ciki. Kafin ya gama sallama na ajiye tsintsiya na zauna. Ya ce ya ga wata tsohuwar mota a bayan kasuwar hatsi, mai ita zai rabu da ita, yana so ya kawo ta gida ya tashe ta da hannunsa. Ban ba shi amsa ba a lokacin. Bari in gaya maka dalili, kai mai karatu, ko da yake ina jin tsoro, domin wanda zan yi magana a kansa ya rasu, kuma ba na so in ɗora masa abin da bai yi ba. Allah ya jiƙansa. Amma har yau ban huce ba.

Gidanmu na Gadarif yana da mota tun kafin a haife ni, sai dai ba ta tafiya. Kakanmu ya saye ta hannun wani baƙon ɗan kasuwa da zai bar gari, ya hau ta ɗan lokaci, ta mutu a tsakar gida, shi ma bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Baƙa ce, mai dogon goshi da manyan fitilu. Bayan ta tsaya gida ya yi ta girma a kewayenta. Baba ya gina ɗakin bulo da zaure a gaba, maƙwabta suka tada katanga dama da hagu. Ta baya kawai ya rage babu gini, sai darnin kara, bayansa jubraka, wato 'yar gonar Kaka ta bayan gida, sannan lungu.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta gaji motar, ta mai da ita rumbun iri. Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani takan tsage har ƙafar akuya ta shige, gara da ɓera su yi ta fitowa ta ko'ina. Ƙarfe kaɗai ke gagararsu. Bayan girbi takan zaɓi zangarniyoyin dawa mafi kyau, ta barbaɗe su da toka, ta jera a bayan motar, ta rufe, ta liƙe bakin da laka.

Dawar nan mahaifiyar Kaka ce ta ɗauko ta daga yamma, ƙulle a bakin zane, lokacin da suka taso a ƙafa za su Makka. Ba ta kai Makka ba, a nan ta tsaya ta haihu ta mutu, amma dawar ta zauna. Doguwa ce, ta fi rufin ɗaki, karanta da zaƙi, ƙwayarta fara tas, tuwonta yana kwana bai saki ba. Aibinta ɗaya, ba ta da sauri. Dawar mashru, manyan gonakin da ake nomawa da tarakta, gajera ce, takan nuna da wuri don inji ya yanke. Ta Kaka sai an gama da kowa sannan ta nuna. Kuma Kaka tana da doka: ba a shuka iri duka. Rabi a ƙasa, rabi a mota, ko da damina za ta yi gardama.

Baffa shi ne autan Kaka. Direban tarakta ne a wani mashru a Simsim, kuma gaskiya hannunsa yana da albarka, injin da ya gagari kowa shi ake kira. Wata shekara bayan girbi ya dawo gida da fushi. Ɗan mai mashru ya sayi sabuwar mota, ya wuce shi a hanya ya bule shi da ƙura, ya kuma ce a gaban leburori wai mai tuƙa tarakta ba direba ba ne. Baffa ya rantse sai ya tashi motar mahaifinsa ya wuce yaron nan a hanyar Hawata, kowa yana gani.

Ya fasa lakar bayan motar da guduma, ya kwashe zangarniyoyin ya zube a tabarma. Kaka ta tambaye shi inda za ta kai su. Ya ce wa mahaifiyar tasa, "Yumma, ki sa a gwangwani mana, ai dawa ce." Ta sa a gwangwani, ta ɗora a kan rakuba, rumfar da muke shan inuwa.

Ni tun ina ƙarama mai damuwa ce. Nakan koma in duba ƙofar da na riga na rufe, in sake alwala don ina shakkar ko na wanke gwiwar hannu. Ina aji uku a lokacin, na tsaya na dubi motar, na dubi ƙofar zaure, na tambayi Baffa ta ina za ta fita idan ta tashi. Abokansa suka yi ta dariya, suka ce yarinyar nan tsohuwa ce a jikin yaro. Amma Kaka ta ji. Ta ce masa tunda rani ne, jubraka babu komai, a buɗe darni a tura motar lungu ya yi aikinsa a can. Ya ƙi. Ya ce ɓarayi za su kwashe masa kaya, kuma ba ya so kowa ya gan ta sai ta gama. Wannan ƙin nasa shi ne abin da na kasa yafewa. Hanya a buɗe take, turawa kawai za a yi.

Duk zafin ranin nan a cikin warin banzin muka yi shi. Baffa ya sauke inji ya baje shi a kan buhuna, ya wanke kowane ƙarfe a kwanon wankin Inna mahaifiyata. Ya yi ta goge cikin inji da yashi mai laushi har yana ƙyalli. Ya ɗaura mata kafireto biyu maimakon ɗaya don ta sha mai sosai, ya yanke salansa, ya cire kujerar baya da duk abin da ya ce nauyi ne. Tayoyi daga Gallabat wani abokinsa ya kawo masa. Baƙin mai ya jiƙa tsakar gida, kaji suka riƙa yawo da baƙaƙen ƙafafu, kisra ma, wainar dawar da muke ci, sai ka ji tana warin gareji. Baba bai taɓa cewa komai ba, da yamma ma yakan ja kujera ya zauna yana kallo, yana ba da labarin yadda motar take a zamanin mahaifinsu.

Da hadari ya fara haɗuwa Kaka ta sauke gwangwanin. Tana buɗewa ƙwari suka watso, ƙasan duk gari. Ni da ita muka zauna muka tsince ƙwayoyin dawa masu rai ɗaya bayan ɗaya, abin da muka samu bai cika tafin hannunta biyu ba. A shekarar nan ta karya dokarta, ta shuka duka, domin babu abin da za a raba kuma babu inda za a ajiye.

Damina ta yi kyau. Laka ta kama gari, takalmi yana nauyi kamar dutse, Baffa ya tafi Simsim shuka ya dawo ya ci gaba da aikinsa. Dawar ta fito, ta yi tsawo, ta fitar da kai. Kaka ta ba ni tsaron tsuntsaye. Nakan fito tun da asuba da gwangwani da tsakuwa, in na tafi makaranta hankalina yana jubraka, in na dawo sai na zaga kowane kara na duba. Ranar da injin ya fara tashi gidan ya girgiza, jarirai suka tsorata, maza suka cika zaure suna tafi. Kaka ta kira Baffa gefe ta roƙe shi ya jira a girbe dawar. Ya ce ya ji, zai jira. Ina wurin, da kunnena na ji.

Sai ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Ɗan mai mashru ya aiko cewa ranar Juma'a bayan masallaci yana bakin hanyar Hawata, in motar gaske ce ta fito, in kuwa akurkin kaji ce a faɗa masa. Dawar a lokacin, in ka matsa ƙwaya, farin ruwa ke fita. Kwanaki kaɗan take nema, ba masu yawa ba.

Ranar Juma'ar an sauko daga masallaci ina jubraka na ji ana sare igiyar darni. Abokan Baffa ne da adduna. Na yi ihu, na riƙe kara, ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ni cak ya ajiye a gefe yana dariya. Kaka ta fito ba mayafi. Baffa yana cikin mota, inji yana ruri, ya leƙo ya ce, "Yumma, gefe ɗaya kawai zan bi." Jubrakar ba ta da gefe, faɗinta kaɗan ya fi na motar. Ƙasan kuma da sauran danshi, taya ta kafe a tsakiya. Ya taka mai, ta yi ta juyawa tana watsa laka, mutane suka shiga suna turawa, suna tattake abin da taya ta bari. Har yau ina jin ƙarar karan nan yana karyewa, da warinsa mai zaƙi gauraye da hayaƙi.

Baffa ya wuce ɗan mai mashru, an ce tun kafin su yi nisa. Da la'asar aka rako shi da ihu, yara suna bin motar. Mu kuwa muna durƙushe muna tono zangarniyoyi daga laka. Baba ya zo ya tsaya a kanmu ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, gobe zai sa a kawo mata buhu biyu daga mashru. A garin da ake tara dawa kamar duwatsu, babu namiji ɗaya a gidanmu da ya gane abin da aka rasa. Kaka ba ta ɗaga kai ba.

Ta san ɗanyar ƙwaya ba ta zama iri. Ta wanke zangarniyoyin, ta hura gawayi, ta gasa su kamar yadda ake gasa ɗanyar dawa a gona, ta murje a faranti. Ta aike ni in kira Baffa daga cikin abokansa. Ya shigo yana murmushi, da baƙin mai a goshinsa. Ta tura masa farantin ta ce, "Ci, Auta. Daga yamma kakarka ta ɗauko ta a ƙafa. Wannan ce ta ƙarshe." Murmushin ya ɗauke. Ya zauna ya ci, tana kallonsa, har ya cinye. Ba ta sake yi masa maganar ba har ta bar duniya, ba ta kuma sake shuka komai a jubraka ba.

Motar ta yi shekara biyu ko uku tana gudu, sannan injin ya fashe, aka sayar wa masu tsohon ƙarfe. Har yanzu a kasuwa akwai tsofaffin da in sun ji 'yar gidan wa ce ni, sai su fara ba ni labarin ranar Juma'ar nan suna dariya. Nakan yi shiru don kada in faɗi abin da zan nemi gafara a kansa. Duk baƙon da ya zo daga yamma ina tambayarsa dawar, in kwatanta masa tsawonta da farinta. Wasu sun kawo mini iri, na shuka, ba ita ba ce. Ko sunanta ban sani ba, Kaka dawar gida kawai take ce mata. Yanzu jubrakar ma an gine ta, irin kuɓewata a wuri uku nake ajiye shi, kuma kowane mako sai na buɗe na duba.

Jiya ɗana ya sake tambayata maganar motar. Na ce ban hana shi ba. Na kama hannunsa na zaga da shi gidan, daga ƙofa har bayan ɗaki inda kuɓewata take, na ce kafin ya shigo da ita, ya fara nuna mini ta inda za ta fita.