Doguwar Ƙotar Ɗanmusa

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta wayi gari tana bukatar tsakuwa fiye da kowane abu. Ofisoshi, gidajen ma'aikata, tituna, duk sai da tsakuwa. A cikin mutanen da suka hau duwatsu suna fasawa akwai maƙwabcina a Yalwawa, Ɗanmusa. Iyayensa makiyaya ne daga wajen Kiyawa. Da shanun suka ƙare, sai ya ajiye sanda ya ɗauki guduma.

'Yan fasa dutse na wancan zamani nauyin guduma suke dubawa su san namiji. Ta Ɗanmusa kuwa, mutum biyu kan yi gardamar wa zai iya ɗaga ta da hannu ɗaya. Kowa yana da gurbinsa a kan dutsen, shugabansu Isah ne yake rabawa, kuma gurbin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, wani ake ba.

Sai zazzaɓin taifot ya kwantar da Ɗanmusa damina guda. Ya tashi a rame, gudumar tasa ta fi ƙarfinsa. Isah ya ce zai jira shi zuwa kaka, in bai iya fasa babban dutsen da ke gurbinsa ba, to, sai haƙuri.

Wata la'asar ya same ni a ƙofar gida, ya ce, "Malam, kai da ka yi boko wurin Turawan mishan, babu wata dabara a littafinku?"

Akwai, kuma ban manta ba, domin malaminmu da alli da bulala ya koyar da ita. Na ce masa abin da yake tafiya yana ɗauke da abu biyu: ƙarfin tunkuɗa, da ƙarfin yin aiki, wato wanda yake fasa dutse. In ka ninka nauyi, kowannensu ya ninku sau biyu. In sauri ka ninka, tunkuɗar ta ninku sau biyu, amma ƙarfin fasawa sau huɗu. Saboda haka guduma mai rabin nauyin tasa, in ta sauko da ninkin sauri, tunkuɗarta daidai take da ta babbar, ƙarfin fasawarta kuwa ninki biyu ne.

Sai ya ce, "To saurin fa, a wace kasuwa ake sayar da shi?"

Nan littafina ya ƙare. Shi ne ya tuno da sandar kiwo: hannu yana tafiya a hankali, amma bakin sandar har kuka yake yi a iska. Ya sa maƙeri ya ƙera masa ƙaramar guduma, ya je daji ya saro marke, ya yi mata ƙota mai tsawo har ƙirjinsa. Ta farko ta yi tsawo da yawa, yana kai duka yana kuskure, har ta karye. Ta biyu ya rage ta, ya yi ta gwaji a bayan gida a kan wani tsohon dutsen niƙa, sai da hannunsa ya san inda kan gudumar zai sauka.

Ranar da ya koma, na bi shi. Isah ya kalli gudumar, ya ce, "Ɗanmusa, goruba ka zo fasa mana?"

"Ranka ya daɗe, ka matsa baya, kada gorubar ta fantsamo maka."

An riga an ƙona itace a kan dutsen, kamar yadda suka saba, dutsen ya ɗan tsage. Ɗanmusa ya ware ƙafafu, ya kewayo da gudumar ta bayan kansa daga nesa. Na ji irin kukan nan na sanda. Duka na farko ƙura kawai ya tayar, aka yi dariya. Bai kula ba, ya ci gaba a wuri guda. Can sai sautin ya canja, daga ƙara mai kaifi ya koma kamar an buga tulu, dutsen ya rabe, ɓari guda ya gangara.

Isah ya karɓi gudumar, ya jinjina ta, ya mayar masa. "Gurbinka ne," in ji shi. "Amma wane maƙeri ne ya yi maka wannan?"

Ɗanmusa ya ci gaba da fasa dutse a wurin har bayan da aka ƙaddamar da shari'a a jihar, lokacin da injin niƙa dutse ya fara karɓe aikin. Ƙarfinsa ya dawo tun a shekarar farko, amma tsohuwar gudumar sai ya bar wa matarsa Huseina tana tokare ƙofar akurkin kaji da ita.