Kunnen da Na Bari a Filin Jirgi

A gidanmu da kunne ake kamun kifi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan tsayar da kwalekwale a wani gurbi ƙasa da Kaoje, ya tsoma filafili a ruwa, ya kafa kunnensa a kan ƙotar. Kowa ya yi tsit. Can sai ya ɗago, ya nuna da haɓa, a jefa ragar birgi. Kurungu yana da gurnaninsa, garken karfasa yana da nasa motsin, dorina kuwa tun tana nesa yake jin ta, ya ce a juya. Mai kunne shi ke zama a goshin kwalekwale, kuma tun ina ƙarami aka san ni zan gaji wurin. Ƙanena ya fi ni ƙarfin damtse, amma in ya kafa kunne ruwa kawai yake ji.

Da aka samu 'yancin kai ba abin da ya sauya a bakin kogi. Mu muka samu tuta, dangin mahaifiyata da ke Dahome su ma suka samu tasu, muka ci gaba da ƙetarawa cin kasuwa da biki kamar da. Sai labari ya iso Bagudo cewa ana ɗaukar sojan sama, ana son samarin da suka iya karatu. Ni kuwa na ɗan yi elementare. Baba bai hana ni ba. Yana gyaran taru, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Tahi ka gani ka dawo. Wurinka na nan. Amma kunnen ga nawa ne, aro na ba ka."

Mutane sukan tambaye ni tarihin rundunarmu, wai tunda da ni aka fara. Abin da na sani daga ƙasa na san shi, don ban taɓa tashi sama ba. Da farko ƙananan jirage ne masu farfela, na koyon tuƙi, sai mu wanke su, mu tura su inuwa. Da yaƙin basasa ya taso sai aka kawo jiragen yaƙi na gaske a cikin manyan akwatuna, Turawan da ba mu jin yarensu suka haɗa su. Aka ware mu aka ce mu ne rundunar kai hari. Matuƙan farko baƙi ne daga wasu ƙasashe, daga baya yaranmu suka karɓa. Yaƙi na matsawa kudu, mu ma ana matsar da mu daga wannan fili zuwa wancan, da tantunanmu da gangunan mai. Jirgi ya tashi da kaya a ƙarƙashin fiffike, ya dawo wayam. Inda kayan suka sauka ba a gaya mana, mu ma ba mu tambaya.

Aikina shi ne tsayawa kusa da jirgi in za a tayar da inji, in matuƙi ya ba da alama in janye katakon da ke tare taya. Ƙarar injin nan ba a kunne kawai ake jin ta ba, har haƙora take shiga. Saboda haka aka raba mana auduga da kakin zuma mu toshe kunne, aka koya mana magana da hannu: tayar, tsaya, janye, tafi.

Shugabanmu wani saje ne Bakatsine. Da ya ji ni Bakabe ne sai ya ce ya samu bawa, don tsakaninmu da Katsinawa akwai wasa. Ba ya kirana sai "mai ƙarnin kifi".

To, ni an raine ni a inda in babba ya buɗe baki kake sauke duk abin da ke hannunka ka saurara. Yaron da ya sa yatsa a kunne ana yi masa magana, ranar sai ya kwana da tabo. Don haka duk lokacin da na ga bakin hafsa ko na matuƙi yana motsi, hannuna da kansa yake zuwa ya zare audugar, in ɗan rusuna. Ga inji yana kuka a gefena.

Saje ya kama ni ba sau ɗaya ba.

"Kai mai ƙarnin kifi! Nan zauren ubanka ne? Mayar da audugar nan!"

"Saje, babba na magana in toshe kunne?"

"Wane babba? Shi kansa ba ya jin abin da yake faɗa! Dubi hannunsa, ka bar bakinsa."

"Ku Katsinawa dama ba ku san girman manya ba."

"Mu dai za mu koma gida da kunnuwanmu. Kai sai dai kifi ya rubuto maka takarda."

Muka yi dariya, na mayar da audugar. Washegari wani hafsa ya tsaya a gabana yana magana, na sake zarewa. Ba taurin kai ba ne. Kunya nake ji, kamar a ce na miƙa wa surukina ƙafa.

Da farko ƙarar takan bar kunnena kafin la'asar. Daga baya ta riƙa kwana. Daga nan sai ta zauna, wani siririn kuka kamar sauro ya shige kai. Na ce in an gama yaƙi zai wuce.

Aka gama yaƙi. Rundunar ta watse a hankali, ba wanda ya tara mu ya ce yau an rufe. Jirgi ya lalace, a cire kayansa a gyara wani, shi ma ya lalace. Na bar wasu a jere a ƙarshen fili, ciyawa ta kai cikinsu, zanzaro ya yi gida a bakin inji. Aka rarraba mutane, aka sallami irinmu. Saje ya raka ni tasha, ya yi ta magana, ni ina ta gyaɗa kai. Can ya tsaya ya dube ni. Bai ƙara tsokanata ba, ya dai riƙe hannuna ya daɗe.

Na iso gida ruwa ya fara janyewa daga fadamun shinkafa. Aka yi murna, mahaifiyata ta yi ta sa albarka da Dendanci, rabi ina ji rabi ina cika da kaina. Na iske Baba ya tsufa, idonsa ya yi hazo, kuma duk shekarun nan bai ba kowa goshin kwalekwale ba. Shi yake lallaɓawa ya zauna, yana jirana.

Da hantsi muka fita, ni da shi da ƙanena. Da muka kai gurbin ya matsa da kansa, ya ba ni wurin, ya miƙo filafili. Na tsoma, na kafa kunnen dama. Kukan inji kawai. Na juya na hagu. Inji, har da wannan ƙarar da yake yi in ya kusa tashi. Na danna kunnena a ƙotar har ta yi mini zafi. Ina ganin ruwa yana ɗan motsi a gefen ciyawa, na san akwai wani abu a ƙasa, amma ko kurungu ne ko dorina, ban sani ba. Da na yi canke na nuna a jefa, da wataƙila mun dace. Amma rai uku ne a cikin kwalekwalen.

Na ɗago na girgiza kai.

Baba ya karɓi filafilin ya saurara da kansa, ya yi wa ƙanena alama a ja baya. Sai da muka yi nisa na ga bayan dorina ya ɓullo daidai inda muka tsaya.

Bai yi faɗa ba. A kan ruwa ba a ɗaga murya, kuma shi ba mutumin da zai yi wa magidanci ihu a gaban ƙanensa ba ne. Ya kira ƙanena ya zaunar da shi a goshi, ya ɗora masa kunne a ƙota, ya fara koya masa abin da ni na iya tun ban yi kaciya ba. Ni kuma ya miƙo mini ƙwaryar kwarfe ruwa, na koma tsakiya. A nan na zauna har ƙarfina ya ƙare, kuma ƙanena bai taɓa jin ruwa kamar yadda nake ji da ba. Gurbin nan ma daga baya barinsa muka yi.

Muna komawa a ranar, Baba ya juyo ya dube ni, bakinsa yana motsi a hankali. Ban san lokacin da hannuna ya tafi kunne zai zare auduga ba. Na laluba, babu komai a ciki. Ya gama maganarsa, na rusuna na ce, "To, Baba." Har yau ban san abin da ya ce ba.