Hayaƙi a Gwangwanin Madara

Akwai wata ƙara da ƙwallon dabino yake yi idan ya faɗa cikin gwangwanin da babu komai. Jiya na ji ta a ofishin jigilar kaya da nake aiki, wata abokiyar aikina ta ci dabino ta jefa ƙwallon a gwangwanin shayi, sai na ajiye abin da nake yi na ɗan lokaci. Da wannan ƙarar na tashi a gidanmu na unguwar Al Qusais a Dubai, a wani bene mai kallon rumbunan ajiyar kaya. Kakata ba ta zubar da ƙwallon dabino. Ta ci, ta tsotse, ta jefa a gwangwani, in ya cika ta nemi wani. Ba ta taɓa cewa ga abin da za ta yi da su ba.

Mahaifiyar Baba ce. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take kirana, ni kuma ina ce mata Kaka, ko tsohuwa idan mun ɓata. A 2016 aka kawo ta daga ƙauyenmu don a yi mata aikin gwiwa, a kan cewa da ta fara takawa za ta koma. Gwiwa ta warke, sai likita ya ga wani abu a zuciya. Aka sabunta biza, aka sake sabuntawa. Baba ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Yana falo, tana falo, sai ta dube ni ta ce, "Takwara, tambayi ubanki yaushe ne jirgin." In juya in tambaye shi, shi kuma ya ce, "Ki ce mata bayan sallah, in sha Allah."

Gidanta a kulle ta baro shi. Kakana ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun watse, ita kaɗai ce a ciki. Akwai wata gwaggona, 'yar ƙanwar Kaka, da mijinta ya rasu ya bar ta da yara a ɗakin haya a cikin gari. Ta aiko a roƙa mata ta zauna a gidan kafin Kaka ta dawo, Kaka ta hana. Ba rowa ba ce. Cewa ta yi wanda ya sa marayu a gida ba ya dawowa ya ce su tashi, ita kuwa dawowa za ta yi, kuma ɗakinta take so ta tarar yadda ta bar shi.

Idan ba ka taɓa zama a garin nan ba, ka sani watanni kaɗan ne a shekara ake iya barin ƙofar baranda a buɗe. A waɗannan watannin Kaka take rayuwa sosai. Takan jawo kujera waje, kusa da bokitan yogot da ta shuka na'a-na'a da albasa a ciki, tana jin ƙamshin gidan burodin da ke ƙasa da kukan manyan motoci idan suna komawa da baya. A irin wannan lokacin ne, ina ajin ƙarshe na firamare, malamarmu 'yar Indiya ta raba mana hotunan wasu 'yan mitsi-mitsin halittu na tatsuniyar Turawa. Kamar mutane suke, amma da fuka-fukai irin na malam-buɗe-littafi, kuma a ƙananan gidaje suke zama a gindin furanni. Ta ce kowa ya gina irin gidan da kayan da aka gama amfani da su a gida, ban da gam kada a sayi komai. Za a jera su a lambun makaranta, a ba da maki.

Umma tana aikin jinya, lokacin tashinta ba ɗaya ba ne, Baba kuma sai yamma. Kaka na kai wa takardar. Ta riƙe ta nesa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Su wane ne waɗannan?"

"Babu su, Kaka. Labari ne kawai."

"To wa zai zauna a gidan?"

"Ba kowa. Ado ne, a lambu za a ajiye."

"A yi gida, a yi masa ƙofa, a bar shi ba kowa." Ta miƙo mini takardar. "Malamar taku ba ta da manya ne?"

A wurin Kaka, gidan da aka bari babu mai shi ba ya zama haka nan. Mutanen ɓoye ne suke tarewa a ciki. Ba ta faɗin ainihin sunansu, kuma ba da tsoro take maganar ba, yadda dai za ka ce in an bar abinci a buɗe ƙuda zai hau. Ta ce ita ba za ta sa hannu a gina musu masauki ba.

Na fara ni kaɗai a baranda. Na manna murafen kwalba a jikin kwali, na kifa farantin takarda a kai, iska ta kwashe shi. Tana kan kujerarta tana jan carbi, wai ba ta kallo.

"Wannan rufin ko yayyafi ba zai ɗauka ba," in ji ta.

"Ai ba a ruwa a nan, tsohuwa."

"Shi ya sa babu wanda ya iya gini. Kawo nan, kina ɓata gam."

Ta ture kwalin, ta sa na ɗauko babban gwangwanin madara. Da ƙusa da 'yar taɓaryar daka yaji muka huda shi, muka yanke ƙofa da tsohon almakashi, ta bi bakin yankan da bayan cokali tana lanƙwasawa don kada ya yanki hannu. Daga nan ta ce a zazzago ƙwallayen dabino. Muka wanke su, muka shanya, muka riƙa manna su a jikin gwangwanin layi bisa layi, daga ƙasa zuwa sama, kamar tubali. In na karkace sai ta ɓamɓare ta ce a sake. Yatsunta sun kumbura a gaɓoɓi, ba sa saurin da take so, don haka ita ke ɗorawa ni ke dannewa har gam ya kama.

Rufin wani tsohon faifai ne da ta zo da shi daga gida, bakinsa ya zaizaye. Ta yanka shi daga gefe zuwa tsakiya, ta naɗe ya yi tsini kamar jinka, ta ɗinke da allura. Sandunan askirim suka zama ƙyaure, maɓallan wata tsohuwar rigar Baba suka zama taga, murfin kwalbar turare ya zama randa a bakin ƙofa. Muka dasa gidan a wani fasasshen baho, muka zuba ƙasa, muka tsiro na'a-na'a kewaye da shi. Ni ƙyalƙyali nake so. Ta yarda na yi fuka-fukai da takardar alawa na rataye a kan waya bisa rufin, amma ta ce fuka-fukai kaɗai, ba jiki ba fuska.

Da muka gama sai ta ƙara huda rami ɗaya ta baya, ƙasa da rufin kaɗan. Ban san na mene ne ba sai bayan la'asar. Ta kunna ɗan gawayi irin wanda ake sayarwa a kantin ƙasa, ta ɗora a kan murfin ƙarfe, ta barbaɗa turaren wuta, ta tura ta ƙofar. Hayaƙi ya fito ta ramin, siriri, ya bi ta cikin fuka-fukan.

"Yanzu da mai shi," ta ce.

Haka ta riƙa yi kullum da yamma. Baba ya dawo ya gani ya yi dariya, ya ɗauki hoto ya tura wa abokansa.

Ranar Lahadi ake kai aikin, don a wancan lokacin da Lahadi ake fara mako. Ranar Asabar muna cin abincin rana na ce wa Umma ta samo mini babbar leda. Kaka ta tambaya, can makarantar wa zai riƙa sa masa wuta. Na ce ba a kunna wuta a makaranta. Ta ce to ba ya zuwa ko'ina. Na fara kuka, na ce duk ajin ni kaɗai zan tashi babu maki. Umma ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, aikin makaranta ne." Baba ya ajiye cokali.

"Halas, maganar ta isa. Gwangwani ne fa, Inna."

Ta dube ni. "Takwara, gaya wa ubanki na ji, wannan gwangwani ne. Nawa gidan fa? Damina biyu ke nan ba a hura wuta a cikinsa ba."

Ban maimaita ba, don ya ji. Ya ce a hankali, "Bayan sallah, in sha Allah."

"Tambaye shi wace sallar."

Wannan ma ban maimaita ba. Muka ƙarasa cin abinci.

Da safe na tarar ta sa gidan a leda da kanta. Ta cire murfin gawayin, ta sa wani cike da sukari. Ta ce ko kiyashi ne ya shiga, mai rai ne, ya isa. Na samu maki daidai gwargwado, malama ta yaba katangar, ta yi ƙorafin kiyashi. Gidan ya zauna a lambu har zafi ya shigo ya narkar da gam. Da muka dawo daga dogon hutu an share wurin.

A makon da na kai shi ne Kaka ta ce in ɗauko wayar Umma, za ta aika wa Gwaggo saƙon murya. Ba ta iya danne wurin ba, ni nake danne mata. Tana gaisuwa tana yin shiru, tana ba mutum lokacin amsawa kamar yana jinta.

"Salamu alaikum. Ina wuni." Ta jira. "Ya yaran? To madalla. Ki sa a fasa kwaɗon nan. Ɗakina za ki shiga, na gefen yana zuba. Ranar da kika shiga ki hura wuta a murhu, ko ruwa ne ki ɗora. Lallen bayan gida kada yara su sare shi. Shi ke nan. Takwara, saki abin."

Na ce, "Kaka, in kin koma ina za ki kwana?"

"Ke dai aika."

Baba bai sani ba sai da Gwaggo ta kira shi tana godiya tana kuka. Ya fita baranda ya daɗe a tsaye. Da ya shigo ya ce mini, "Ki ce mata ai ba sai an yi haka ba." Kafin in buɗe baki ta dube shi, shi da kansa, ta ce, "An riga an yi." Iyakar sanina wannan ne karo na farko da ta yi masa magana ba ta bakin wani ba.

Bayan 'yan kwanaki Gwaggo ta turo bidiyo. Katangar baya ta zube, gara ta ci ƙyauren rumbu, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gida. Wani yaro yana ta shiga gaban wayar. Daga can gefe ga murhu, ga tukunya, hayaƙi na tashi. Kaka ta sa na maimaita mata wurin. Abin da ta ce kawai shi ne icen ɗanye ne.

Ba ta ƙara tambayar jirgi ba. Shekarar da ta biyo, likita ya ce za ta iya tafiya, Baba ya zo da maganar tikiti da gaske. Ta yi dariya ta ce, "In je in kwana a kan marayu?" Ya ce a gyara ɗakin gefen. Ta ce a gyara, yaran sun girma, suna bukatarsa.

A shekarar annoba ta rasu, cikin tsananin zafi, lokacin da jirage ba sa tashi. Ba cutar ba ce, zuciyar ce. Mutane kaɗan aka bari suka raka ta. A maƙabartar da ke nan Al Qusais take, ba nisa da inda muka zauna.

Ƙarshen shekarar da ta biyo muka je gida ni da Baba. An ɗaga katangar baya, an shafe zaure, akwai akuya a ɗaure da kayan makaranta a kan igiya. Baba ya tsaya a ƙofar gidan da aka haife shi ya yi sallama, bai shiga ba. Wani ƙaramin yaro ya leƙo, ya dube mu sama da ƙasa, ya ce, "Wa za a ce?" Baba ya ce, "Ka ce baƙi ne daga Dubai."

Yanzu idan na taso daga aiki da magariba, ta tagar jirgin ƙasa na metro ina ganin dogayen benaye, wasu hawa guda babu fitila ko ɗaya, an gina su an kulle ana jiran masu haya. Ba wanda abin ya dama, ni ma yawanci bai dame ni ba. Gwaggo tana nan a gidan, babbar 'yarta ma a ɗakin Kaka ta yi wankan jego. Duk sallah sukan aiko saƙo su ce yaushe za mu zo gidansu, ni kuma ina amsawa in ce muna nan tafe.