Littafin da Na Yaba Ban Karanta Ba

Hamma, wato yayana, yana da ciwon sukari. Da wannan zan fara, don a kansa komai ya rataya. Allura ce ke riƙe da ransa, kowace safiya sai an yi masa, kuma ya tsane ta tsanar da ban taɓa gani ba. Mutum ne da zai wuni tsaye a bakin kogi yana duba kayan da ake saukewa daga jirgin ruwa bai ce wash ba, amma ya ga an ɗora sirinji a wuta sai gumi ya keto masa. Akawun wani kamfani ne a Jimeta. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni midil alhali shi a elemantare ya tsaya. Saboda haka a wurinsa ni ne mai ilimin gidanmu. Malam yake kirana, rabi zolaya rabi gaske.

Ni kuwa aikina tsaron ɗakin karatu na hukuma a Jimeta, ta wajen Gwadabawa. Kullum in tako keke daga cikin Yola in buɗe ƙofa. Ɗaki ɗaya ne, kabad huɗu, bencina, da fankar da tun da na zo ban ga ta juya ba. Da zumuɗin samun 'yancin kai aka buɗe shi, lokacin da muke ganin in dai an yi karatu to gobe za ta fi yau. Mun yi wauta, amma ba mu kaɗai ba.

Mutanenmu ba sa ɗaukar littafi haka siddan. A zaure muka saba, in ka ce ka karanta littafi kaza a tambaye ka a wurin wa, shi kuma a wurin wa ya karanta. Littafin da ba a san wanda ya bi ta kansa ba, ko na boko ne, kallon naman da ba a san mayankinsa ba ake yi masa. Wanda na gada a aikin ya gane haka, sai ya riƙa manna farar takarda a cikin bangon baya na kowane littafi, duk wanda ya karanta ya rubuta ra'ayinsa. Ba a sa suna. To amma gari nawa yake? Kowa ya san rubutun hannun kowa. Mai aro zai shigo, ya zaro littafi, kafin ya dubi sunansa ma ya juya baya ya ga wa da wa suka karanta, me suka ce.

Wallahi takardun nan sun fi wasu littattafan daɗin karatu. Akwai littafi kan dabarun kasuwanci da wani ɗan tireda na Rumde ya rubuta a bayansa cewa marubucin ko allura bai taɓa sayarwa ba, in ya isa ya zo kasuwar Jimeta ya gwada murmushin da yake koyarwa. Akwai wani kan yadda ake tunani da kafa hujja. Magatakardan kotun alƙali ya rubuta da ajami cewa abin da Baturen ke taƙama da shi manɗiƙi ne, mun daɗe da shi, kuma ya yi tuntuɓe a babi na uku. A ƙarƙashinsa wani malamin makaranta ya ce shi ya ara ne don ya riƙa kada matarsa a gardama, ya karanta sau biyu, har yanzu ita ke kada shi. Na siyasa kuwa kada ka so ka gani. Wani ɗan jam'iyya ya cika takarda gaba da baya da yabon wani littafi kan mulkin jama'a, ranar da soja suka karɓi mulki sai ga shi da reza yana roƙona in bar shi ya kankare. Ban bar shi ba, don ni a lokacin ina ganin kaina mai kare gaskiya.

Littattafan kiwon lafiya mutum ɗaya ake jira ya yi magana a kansu: disfensa, wato mai ba da magani a asibiti, wanda ke yi wa Hamma allura. Kirista ne daga kudancin lardi, gajere, ba ya dariya sai dole. Shi ba ya kwana-kwana. Ko ya rubuta wannan gaskiya ne, ko ya rubuta wannan ƙarya ne kada a gwada. Dattawa na ganin ba shi da ladabi, amma hannunsa suke nema kafin su ɗauka.

Da aka raba jihohi muka faɗa Arewa maso Gabas, komai ya koma sai an ji daga Maiduguri. Ga yaƙin basasa ana yi, masu karatu sun watse, wasu sun shiga soja, wasu an yi musu canji. Sai aka turo wani mai duba aiki. Ya buɗe rajistar aro, ya taɓe baki, ya ce in dai haka za a ci gaba to ma'aikatar gona na neman wurin ajiye taki. Ya nuna kwalayen sababbin littattafai da aka kawo watanni da suka wuce, ya tambaye ni me ya sa ba wanda ya ari ko ɗaya. Na yi masa bayanin takardar baya, na ce littafin da takardarsa fara ce fat ba mai taɓa shi. Ya ce wannan matsalata ce, ba ta gwamnati ba. Mutumin da ko bangon littafi ɗaya bai buɗe ba tun da ya shigo!

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ban iya wani aiki ba, kuma ina jin kunyar in koma hannun Hamma da gemuna. Sai na zauna mako guda na bi sababbin littattafan nan ɗaya bayan ɗaya ina rubutu a bayansu. Ban karanta ko guda ba. Ko hannuna ban sauya ba, don na san hannuna yana da nauyi a garin. Abu ɗaya nake juyawa: na karanta daga farko har ƙarshe, na ƙaru ƙwarai, ina ba kowa shawara ya yi aiki da abin da ke ciki. Na siyasa, na kasuwanci, na lafiya, duk miya ɗaya na zuba musu. Na ce wa kaina in disfensa ya zo zai gyara na ɓangarensa. Shi kuwa aiki ya sha masa kai a lokacin, ya daɗe bai leƙo ba.

Dabarar ta ci. Rajista ta fara cika, har ina jin daɗin kaina.

Wata Asabar Hamma ya biyo bayan an tashi daga aiki. Ba ya cika zuwa ba, yana cewa wurin masu ilimi ne. Ya zaga kabad-kabad, ya zaro wani siririn littafi na Turanci mai sauƙi, kan yadda jiki ke warkar da kansa ba tare da likita ba. Ya juya baya kamar kowa. Na ga ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ɗago ya dube ni ya yi murmushi. Bai tambaye ni komai ba. A gidanmu babba ba ya tsayawa yi wa ƙarami tambayoyi a gaban mutane, kuma me zai tambaya bayan ga amsa a rubuce? Ni da hannuna na buga masa hatimi na miƙa masa, har ina tsokanarsa cewa yau kamfani zai yi likita.

Bayan 'yan kwanaki ya ɗauki hutu ya ce za shi gonarmu ta Damare, damina ta kankama, yana so ya ga noma da idonsa. Ya gaya wa matarsa, wadda nake kira Adda, cewa ya shirya da wani a can zai riƙa yi masa allurar. Adda ta yarda, ni ma na yarda. Hamma bai taɓa yi mana ƙarya ba.

An yi kusan mako biyu sai ga disfensa ya jingine kekensa a ƙofar ɗakin karatu da hantsi. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce yayana bai karɓi maganinsa ba kafin ya tafi, kuma ya bincika, babu mai yin allura a wajen gonar. Ya ce ranar ƙarshe da suka haɗu Hamma ya yi ta gardama da shi, wai allurar ce ke raya ciwon, wai akwai littafin da ya bayyana haka, kuma ƙanensa ya karanta ya tabbatar. Ya tambaye ni wane littafi ne, me aka ce a ciki. Na fara kame-kame, ina cewa littattafan da yawa, sai na tuna.

Ya tsaya yana kallona. Da irin Hausarsa ya ce, "Malam, ka rubuta, ba ka karanta shi ba?"

Na hau shi da faɗa. Na ce wa ya ba shi izinin tuhumata a ofishina, da ya riƙa zuwa yana aikinsa da haka ba ta faru ba. Ka ji fa, ni da na yi ɓarna ni ke ɗaga murya. Ya ɗauki kekensa. Ya ce in rufe ƙofa mu tafi, yana da maganin a jakarsa.

Kogi ya cika maƙil, muka shiga kwale-kwale muka haye. A bukkar gona muka same shi kwance. Na ga yayana ban gane shi ba, ya zube, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Ga ƙwarya cike da ruwan zuma da lemun tsami a gefensa, ba abin da yake sa wa cikinsa sai shi tun da ya zo. Fartanya ta ɗan sare shi a yatsan ƙafa tun kwanakin farko, wurin ya yi baƙi har ya haura idon sawu, yana wari. Da disfensa ya fito da sirinji sai Hamma ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce a bari, littafin ya ce in jiki ya tsananta to dafin ne ke fita, saura kaɗan. Sai da na durƙusa na roƙe shi don Allah don Annabi sannan ya miƙa hannu, kuma na ga a fuskarsa mamaki yake yi, wai ni ne ke cewa a yi.

Muka ɗauko shi zuwa asibiti. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce sai an yanke ƙafar, kuma ko an yanke ba ya ba mu tabbaci. Aka yanke. Adda ta tare a gindin gado, ba ta san komai ba sai cewa mijinta ya yi taurin kai. Ni kuma ina zuwa da safe da yamma ina sunkuyar da kai, disfensa na wuce ni ba ya cewa uffan. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Rana ta huɗu da la'asar Adda ta fita yin alwala, muka rage mu biyu. Hankalinsa ya ɗan dawo. Ya yafito ni, na matsa. Ya ce abin na damunsa, yana ganin shi ne bai bi ƙa'ida daidai ba, Turancinsa ba nisa. Akwai wurin da aka yi maganar kwanakin da za a yi ba a ci abinci ba, bai gane ko bakwai ake nufi ko sai an warke ba.

Ya ce, "Malam, kai da ka karanta, yaya yake nufi?"

Da na ce bakwai ne, da ya tafi yana ganin laifinsa ne, ni kuma in zauna lafiya a idon kowa. Wallahi sai da na yi tunanin faɗar hakan. Ban san abin da ya hana ni ba.

Na ce, "Hamma, ban karanta ba."

Ya ce bai ji ba. Na maimaita, na gaya masa maganar mai duba aiki da taki da kwalaye. Ya rufe ido har na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "To." Sannan ya ce kada in kuskura in gaya wa Adda, don bayansa ni zan riƙe yaransa, ba ya so ta riƙa kallona da abin. Ya ce in gyara masa matashi ya juya wajen bango. Bai ƙara kirana da kowane suna ba, kuma kwana biyu bayan nan ya cika.

Ɗakin karatun ma bai tsira ba. Shekara ba ta zagayo ba aka kwashe kabad ɗin aka zuba taki, aka mai da ni wani ofis ina jera fayil. Takardun ra'ayin nan duka, na ɗan tireda da na magatakarda da na disfensa da nawa na ƙarya, gara ce ta cinye su a sito. Na riƙe yaran, na aurar da su. Adda ta rasu tana sa mini albarka, kuma duk lokacin da ta sa sai in ji kamar in nutse a ƙasa. Har yau ban yafe wa kaina ba, ba na kuma jin akwai ranar da zan yafe.

Bayan sadakar bakwai aka kawo kayansa daga Damare, littafin na cikin aljihun rigarsa, ya ja layi da fensir a ƙarƙashin kusan kowace jimla. Na shiga ɗaki bayan azahar na karanta shi. Tun a shafi na biyu marubucin ya ce mai ciwon sukari ya jefar da allurarsa. Na gama shi kaf ba a kira la'asar ba.