Ƙarin da ya fito mini a cinya

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba. Kwanan baya aka sa hotona riƙe da sanda, tsofaffin ɗalibaina suka yi ta tambayar abin da ya samu ƙafata. Ba tsufa ba ne. Labarin ya girmi yawancinku, kuma ban taɓa ba da shi ba sai yau.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sabon mushe, wato malami, a lakwal, makarantar boko ta Dakoro. Wata rana ina wanka na ji wani abu can cikin cinyata ta hagu, kamar ƙwan zabo.

Ba ya ciwo, sai na ƙyale shi.

Damina ta wuce, aka yi girbi, ya kai dunƙulen hannu. Zaman tahiya ya fara gagara ta. Babana, wanda ke sayen hatsi yana kaiwa Maraɗi, a masallaci ya lura.

"Mi ya samu ƙahwar taka, kake miƙe ta cikin sahu?"

Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin gari, ya latsa wurin, ya tura mu Maraɗi. Can aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau, amma abin da ke cikin naman ba su san shi ba. Sai Yamai. Baba ya sayar da bijimi guda, ya bar wa ƙanensa rumbuna, muka hau kamyo, babbar motar kaya, bisa buhunan gyaɗa.

Lokotoron Yamai, wato babban likitan asibitin, wani dattijon Bature ne. Baba ba ya jin Faransanci, don haka ni ne majinyaci, ni ne tafinta. Duk abin da aka faɗa a kaina, da bakina Baba ya ji shi.

Lokotoro ya ce ido da hannu ba su isa su faɗi ko mene ne ba. Sai an yanki ɗan nama an aika Dakar, inda ake duba shi da madubin da ke ƙara girman abu.

Aka yanka, aka ɗinke, muka shiga jira.

Da safe a auna zafin jiki, a wanke ɗinki, a kawo kunu. Baba yana kwana a tabarma ƙarƙashin itacen bedi a harabar asibiti. Gadon da ke kusa da nawa na Agali ne, wani makiyayi daga wajen Birnin Lalle, mai ƙari a dantse. Girman ƙarinsa ɗaya da nawa, taurinsu ɗaya. Yakan taɓa nasa ya taɓa nawa ya ce, "Mushe, uwarsu guda."

Sakamakon farko ya ce kitse ne kawai. Baba ya fara naɗe tabarma.

Lokotoro bai yarda ba. Ya ce abin ya yi zurfi, ya yi girma, kuma bai daina ƙaruwa ba. Mai yiwuwa gefensa aka yanko. Yana son na tsakiya.

Aka sake yanka, muka sake jira. A nan ne tsoro ya kama ni. Abinci ya daina shiga.

Sakamako na biyu ya zo da suna: sarkom.

Lokotoro ya zaunar da mu ya yi bayani, ina juyawa. Ciwon daji ne na nama mai laushi, ba na ƙashi ba. Dangi ne babba: wani daga kitse yake tasowa, wani daga tsoka, wani daga jijiya. Bayan an san asalinsa, sai a duba halinsa, mai saurin yaɗuwa ne ko mai nawa. Nawa na kitse ne, mai nawa, kuma hoton ƙirji bai nuna ya kai huhu ba.

Na Agali na tsoka ne, mai sauri. Ya riga ya kai huhu.

Lokotoro ya ce zai ciro nawa ɗungurungum da naman da ke kewaye da shi. In ya tarar ya kama babbar jijiyar jini, ƙafar za ta tafi. Yana neman yardar uba.

Na juya wannan ma, ban rage komai ba.

Baba ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Gaya mishi ya tambaye ka. Ƙahwarka ce, kai za ka zamna da ita ko babu ita."

Na ce a yi.

Da na farka, Baba na ƙarshen gado riƙe da babban yatsana. Ya ce, "Motsa." Na motsa. Ya saki, ya fita alwala.

An ɗebi tsoka da yawa, shi ya sa nake ɗingishi. Na koyi tafiya da sanda biyu, sannan ɗaya. Shekaru na yi ina komawa Yamai ana dubawa. Ƙarin bai dawo ba. Na koyar har na aje aiki.

Agali ya roƙi a sallame shi, yana son ya ga raƙumansa. Wansa ya zo ya tafi da shi. A kasuwar Dakoro na ji rasuwarsa, kafin ruwan farko.

Na gode wa Allah. Na gode wa majo da bai tsaya ba ni magani a makance ba, da lokotoron da bai gamsu da labari mai daɗi ba, da masu jinyar da suka wanke ni lokacin da ba na iyawa. Allah ya ji ƙan Baba.

Shawarata kaɗan ce. Ƙarin da ke girma, ko yake can cikin nama, a kai shi asibiti ko da ba ya ciwo. Kada a bari a tsaga shi a gida. A nemi a duba naman, a tambayi sunan ciwon da halinsa, domin a kansu magani yake tafiya. Yawancin ƙari ba daji ba ne, amma da hannu ba a ganewa.

Wanda ya karanta har nan, ya sa Agali cikin addu'arsa. Bai bar ɗa ba.