Malam Almu da Gonar Jingina

Duk wanda ya san Malam Almu na Maje ya san ba ya karɓar canji sai ya ƙirga sau biyu. In ka gaishe shi da fara'ar da ta wuce kima, to ka ɓata masa wuni, don sai ya yi ta juya abin da kake nema a wurinsa. Ba haka aka haife shi ba. Albashin makarantar kuɗi ne ya mai da shi haka, da kuma wata gona da ta shekara tara a hannun wani.

Shi ne auta a gidan manoman doya. Mahaifinsu ya rasu yana sakandare, ya bar shi da yayansa Haruna da gona guda mai kyau a bakin hanya, da wata 'yar ƙarama a bayan gida. Haruna bai taɓa zama a aji ba, amma shi ya kafe sai ƙaninsa ya zama malami. Da Almu ya samu gurbi a kwalejin ilimi a Minna, kuɗi suka gagara, sai aka ba Alhaji Khamis jinginar gonar. Alhaji ɗan kasuwar doya ne, Bakano, mazaunin Suleja. Naira dubu ɗari uku ya bayar. Ba a rubuta komai ba, dattawa biyu suka zauna shaida, aka shafa fatiha aka tashi. Ƙa'idar jingina kuwa kowa ya san ta a nan: mai kuɗi ya noma gonar ya ci amfaninta, ba a biyansa da kaɗan-kaɗan, ranar da aka kawo kuɗinsa a dunƙule ya sauka.

A lissafin Haruna, shekara uku karatu, shekara guda a aikin gwamnati, gona ta dawo. Allah sarki Haruna. A shekarar ƙarshe, da hidimar koyarwar gwaji da kuɗin karɓar sakamako suka taso, shi ya riƙa aika kuɗi Minna, yana cewa 'yar gonar bayan gida ce ta yi albarka.

Almu ya dawo da takardar NCE, ya yi ta cike fom har ya gaji, aikin gwamnati shiru. Ya kama koyarwa a wata firamaren kuɗi a Gauraka kan dubu ashirin da biyar. Yau ya kai dubu arba'in. Kuɗin mota zuwa da dawowa na cinye kusan sulusi, in ya makara a zabtare, hutun ƙarshen shekara kuma ko sisi, wai ai ba a yi aiki ba. Sau ɗaya mai makarantar ya yi masa alkawarin ƙari, da wata ya ƙare ya tuna masa, mutumin nan ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Ina takardar?" Tun daga ranar Malam Almu ya yanke wa kansa hukunci cewa maganar baki ba magana ba ce.

Shekara shida yana tara kuɗin fansar gona, da lesin yamma da adashi, yana hana kansa yana hana matarsa Umaima. Cikin shekarun nan Maje ta sauya a gaban idonsa. Gonakin maƙwabta suka koma fulotai, bulo ya tashi inda ake kunyar doya, ma'aikatan Abuja suna zuwa ran Asabar suna nuna ƙasa da yatsa. Gonar da aka jinginar kan dubu ɗari uku yanzu miliyoyi ake yi wa irinta tayi. Shaida ɗaya ya rasu, ɗayan tsufa ya fara taɓa masa tunani.

Abin da ya fi hana Almu sakat shi ne kirkin Alhaji Khamis. Kowace kaka sai ya aiko musu da doya. In sun haɗu a masallacin Juma'a sai ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, kada ka takura kanka, a hankali dai." Wane irin mai bin bashi ne ba ya son kuɗinsa? Almu ya ba kansa amsa: wanda ke jiran shaida na biyu ya kwanta dama.

Sai kuma Haruna. Kowace damina yana cikin gonar nan daga huɗa har tono, yana yi wa Alhaji aiki kamar ɗan ƙwadago. Almu ya taɓa ganinsa a gidan gaba a motar Alhaji, suna magana ƙasa-ƙasa. Ya tambaye shi nawa ake biyansa, ya ce, "Ana dai yi." Umaima ta ce, "Malam, ka zauna da Yaya ka tambaye shi mana." Ya ce wanda aka saya ba zai faɗi kuɗinsa ba. Ya faɗa, ransa kuma ya yi masa zafi, don yana son yayan nan nasa.

A watan Yunin bara kuɗi suka cika. Bai gaya wa kowa ba, ya ɗaure su a leda ya nufi rumfar Alhaji a kasuwa. Alhaji ya dubi ledar bai taɓa ba.

"Malam, doya na ƙasa, ai ba a fansar gona da shuka a ciki. Bari a tono. Kuma ka fara magana da yayanka tukuna."

"Me ya kawo Yaya ciki, Alhaji?"

"Ka dai yi magana da shi."

Shi ke nan, abin da yake zargi ya tabbata a wurinsa. Maimakon gidan Haruna sai ya zarce gidan mai unguwa ya kai ƙara.

Washegari da la'asar aka zauna a zauren mai unguwa, mutane sun fi goma. Almu ya zo da takarda doguwa da jan biron da yake duba aikin yara da shi. Ya miƙe ya yi jawabi kamar a gaban aji. Ya ce an ƙi karɓar kuɗinsa ne don a ja lokaci, ya ce akwai masu shirin cinye gadon marayu, kuma da haɗin bakin na gida. Ya ce shi bai yarda da maganar baki ba, duk abin da ke tsakani a rubuta yau.

Haruna na zaune kansa a ƙasa. Mai unguwa ya ce, "Haruna, ka ji ƙaninka."

"Na ji, ranka ya daɗe." Ya ɗago kai. "Kuɗin ba dubu ɗari uku ba ne. Shekararsa ta ƙarshe a makaranta na koma wurin Alhaji na ƙaro dubu ɗari da hamsin a kan gonar. Gonar bayan gida ba ta ba da komai ba a shekarar. Na ɓoye masa don kada karatu ya fita ransa."

Mutumin da ke ƙirga canjin mai keke sau biyu bai taɓa tambayar inda waɗancan kuɗin suka fito ba. Ya tsaya da biro a hannu.

Alhaji Khamis ya gyara zama, ba ko alamar fara'ar da aka san shi da ita. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi da Haruna zai riƙa yi mini aikin gonar, ranar fansa in yafe ƙarin nan. Tsakanina da shi ne, ba shaida. Amma tunda an tara mini jama'a an ce ni ɓarawon gadon marayu ne, kuma Malam ya ce maganar baki ba magana ba ce, to na yarda da shi. Waccan ta tashi. A rubuta."

Mai unguwa ya ba shi haƙuri, dattawa suka sa baki, aka ce a duba wahalar Haruna ta daminu shida. Alhaji ya ce zai biya shi ladan ƙwadagon bana, sauran kuwa ba takarda. Iyakar abin da aka samu ke nan. Kuma tunda takarda ce, in ji Alhaji, sai a sa mata wa'adi: dubu ɗari huɗu da hamsin kafin ƙarshen Disamba, in ba a kawo ba a yanka masa rabin da ke bakin hanya. Jinginar da ta shekara tara ba ta da ranar ƙarewa, yau ta samu.

Babu mai kyan rubutu a zauren kamar Malam Almu, don haka shi aka ce ya rubuta. Ya durƙusa ya ɗora takardar a gwiwa. Yana rubutu yana lissafi a zuci: wata shida, ɗaya a ciki hutun da ba albashi, shi kuma bai taɓa iya ajiye fiye da dubu biyar a wata ba. Har a lokacin wani ɓangare na zuciyarsa na raya masa ko dama can Alhaji wannan ranar yake jira. Ba shi da hanyar sani, kuma ba zai ƙara samu ba.

Ya sa hannu, Alhaji ya sa, mai unguwa ya sa. Aka miƙa wa Haruna tawadar dangwale. Ya riƙe takardar ya dube ta, sannan ya mayar wa ƙaninsa ba tare da ya kalli fuskarsa ba.

"Karanta mini, Malam," ya ce. "Ka san ni ban yi makaranta ba."

Almu ya karɓa ya fara karantawa. Da ya zo kan rabin da ke bakin hanya sai ya tsaya. Haruna ya ce ya ci gaba, yana ji.