Ɗigon da na ɓoye wa Mama Odessa

Shekara bakwai ke nan a wannan makon da rasuwar Mama Odessa. Sai da na koma na duba takardar jana'izarta kafin na yarda da lissafina, domin na lura tunanina ya fara gyara wasu abubuwa yadda za su fi yi mini sauƙi. Abin da zan rubuta a nan, yadda nake tuna shi ne. Mai yiwuwa na haɗa rana biyu na mai da su ɗaya, mai yiwuwa kuma na sa wa wani maganar da ba shi ya faɗa ba. Amma laifin da na yi mata ban yi shakkarsa ba, shi ne kuma ya sa na ɗauki biro.

Mama Odessa Baƙar Amurka ce, haifaffiyar nan Greensboro. Ta yi aikin girki a wata makarantar firamare har ta yi ritaya, tana zaune a gabashin gari, a wani ƙaramin gida mai baranda. A cocin Baptist na unguwarsu na san ta, inda mu 'yan Arewa kaɗan muke zuwa sujada. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Kafanchan ba, ina digiri na biyu a tarihi, ba ni da mota. Anti Saratu, wata ma'aikaciyar jinya mutumiyar Jos, ita ke biyowa ta ɗauke ni duk Lahadi. Ita ta sa mini suna Malam Watakila, wai ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na ce "ina jin". Mama Odessa kuwa ta gwada kiran sunana Ayuba sau biyu, ta ga harshenta ba zai iya ba, ta ce Furofesa ya ishe ta.

Da ta ji tarihi nake karantawa, sai ta kira ni gida ta faɗa mini abin da take nema. Ta haddace sunayen iyayenta mata, daga uwarta zuwa kakarta zuwa kakar kaka, har shida. Ta bakwai ba ta da suna. Labari kawai aka bari: wai baiwa ce a gidan wani manomi ɗan Baptist, kuma an yi mata baftisma a rafi tun ƙasar nan na ƙarƙashin sarkin Ingila. Sunan gidan manomin ya daɗe a danginsu, shi ne igiyar da za mu bi. Na gaya mata da wuya a samu. Na kuma gaya mata ko an samu, da wuya a tabbatar ita ce. Ta ce, "Ai kai za ka yi wahalar, ni kallo zan yi."

Wata Asabar Anti Saratu ta kai mu ɗakin ajiye tsoffin takardu na wata jami'a, tafiyar kamar rabin awa. A can aka ajiye littattafan tsoffin coci-coci da aka ɗauka a fim, sai ka sa a na'ura kana juyawa shafi yana fitowa a allo. Irin waɗannan littattafai sukan rubuta 'ya'ya da cikakken suna, bayi kuma da suna ɗaya tak, a biyo da sunan ubangidansu. Mun yi kamar awa biyu, idona ya fara ruwa. Sai ga sunan manomin. A ƙarƙashinsa an rubuta sunan mace ɗaya, da rubutun hannu mai kwanciya, tawada ta koɗe. Na ga L, na ga wani harafi mai kama da a, na ga d biyu da y.

"Ladi!" Haka na ce, da ƙarfi, har mai kula da ɗakin ta ɗago kai.

"Me ka ce, Furofesa?"

"Mama, sunan kakata ne. A wajenmu macen da aka haifa ran Lahadi, Ladi ake ce mata."

Anti Saratu ta leƙo ta kan kafaɗata. "Kai, gaskiya Ladi ce! Mama, ki riƙe ranar yau da kyau. Malam Watakila ya yi magana bai ce watakila ba, wannan ba ya faruwa sau biyu."

Mama Odessa ba ta yi dariya ba. Ta ɗora yatsa a kan allon, ta jima. Sannan ta ce, "To ashe akwai inda ta fito."

Ya kamata in faɗi abin da na sani a wannan lokacin. Na sani daga karatuna cewa ba a cika kawo mutanenmu wannan yankin a wancan zamani ba, idan ma an kawo. Na kuma sani iyayengiji ba kasafai suke barin bawa da sunansa na gida ba. Duk wannan yana cikin kaina. Amma wata takwas ke nan ban ji an ambaci sunan kakata ba, sai ga shi a allo a ƙasar mutane, na rungume shi ban tsaya tambaya ba.

Daga nan 'yan Arewan coci suka mai da ita tasu. Ta koyi "ina kwana", tana amsawa da "lafiya lo". Anti Saratu ta ɗinka mata atamfa da ɗankwali, ta kai mata tuwo da miyar kuka, ta ce, "Mama, tunda ke tamu ce, ajiye cokalin nan." Mama ta ce, "Shekara talatin ina hana 'ya'yan mutane cin abinci da hannu, yanzu ku ce in fara? To miƙo ruwa." Wata Lahadi ta tashi a gaban jama'a ta ba da shaida, ta ce Ubangiji ya aiko mata yaro daga Najeriya ya maido mata da sunan da aka ƙwace. Mutane suka juyo suna kallona suna tafi. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Bayan wata uku ko huɗu na je ofishin rajistar filaye na wata ƙaramar hukuma da ke maƙwabtaka da mu, ni kaɗai. Wanda bai taɓa buɗe waɗannan manyan littattafai ba zai ɗauka gonaki ne kawai a ciki. Akwai mutane, domin a wancan zamani rajista ɗaya ake yi wa fili da bawa. A nan na sami takardar kyauta da manomin ya yi wa 'yarsa da ta yi aure: fili a bakin rafi, da doki, da gado, da mata biyu. Magatakardan kotu ne ya rubuta, hannunsa tsaf, babu abin da za a yi gardama a kai. Ta farko Lydia, wadda ake kira Liddy. Ta biyu uwarta, Hannah. Ya ƙara da cewa dukansu a gidan mahaifin manomin aka haife su, a jihar Virginia.

Na koma wajen fim ɗin a makon. Ɗigon harafin i yana nan, ya ɗan goce gefe, ni kuma na ɗauke shi datti ne a jikin fim. Liddy ce, Lidiya ta Littafi Mai Tsarki, sunan da aka gajarta. Ba Ladi ba ce, ba kuma daga wajenmu ta zo ba.

Na ce ran Lahadi zan gaya wa Mama Odessa. Na ninke kwafin takardar na sa a aljihun kwat. Bayan sujada aka taru a gidanta cin abinci, kaza da dafaffen ganye da burodin masara. Kafin in sami bakin magana, jikarta Denise, wadda ke da tsohon ciki, ta miƙe ta ce likita ya ce mace ce, kuma Mama ta riga ta zaɓi suna: Ladi. Aka yi ta guɗa. Ina jin takardar a ƙirjina duk motsin da na yi. Na ci abincin, aka ƙara mini, na ci.

Daga ranar na fara yi wa kaina dalilai. Na ce masanin tarihi ba ya gaggawa, sai na sami shaida ta biyu. Na ce watakila Liddy biyu ne a gidan. Tsantsenin da na rasa ranar da ake bukatarsa, shi na ɗauko na ɓuya a bayansa. Aka haifi yarinya ran Alhamis, Anti Saratu ta ce ai wannan Lami ce ba Ladi ba, Mama ta ce, "Ku je ku yi ƙorafi wajen Allah, ni na gama nawa." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Ba a yi wata shida ba ciwo ya kwantar da ita. Na je duba ta wata rana da la'asar, an kawo gadonta falo kusa da taga. Muka gaisa, ta tambayi karatu. Sai ta ce, "Furofesa, ka ce za ka duba takardun filaye. Ka sami wani abu?"

Na ce, "Ba wani abin kirki, Mama. Iyakokin gonaki ne kawai."

Ta dube ni, ban san tsawon lokacin ba, a wajena dai ya yi tsawo. Ta ce, "To, Furofesa." Bayan kamar mako biyu ta rasu.

Kuskuren karatu kowa na iya yi, ko da yake irin wannan sai mai kaka Ladi. Ba shi ne ke hana ni sakewa ba. Matar nan ba ta ce in nemo mata Hausawa ba, sunayen iyayenta ta nema. Ina da na bakwai na gaskiya a aljihuna, ina da na takwas da ba ta ma sa rai da shi ba, na bar ta ta tafi ba ta ji ko ɗaya ba. Na sha gaya wa kaina wai tausayinta ne ya hana ni. Ina jin akwai ɗan tausayi a ciki, ba zan ce babu ba. Amma mafi yawansa tafin nan ne da aka yi mini a coci.

Nakan yi tunanin me za ta ce da ta ga yau. An sa da yawa daga cikin littattafan nan a intanet, mutum na kwance a kujera ya buga suna a waya shafi ya fito. Wasu ma yawu suke tofawa a kwalba su aika a gidan waya, a faɗa musu inda kakanninsu suka fito. Ina jin da ta yi wa na yawun dariya, ta ce ita an hana ta tofi tun tana yarinya. Amma da ta sa jikokinta sun koya mata buga suna, kuma da ta sami Hannah da kanta kafin shayinta ya huce. Wannan ma sai in faɗa: tsoron kada Denise ta riga ni gani yana cikin abin da ya tura ni a ƙarshe.

A watan jiya Denise ta kira ni. A makarantar su Ladi za a yi ranar da kowane yaro zai ba da labarin asalinsa, yarinya kuma ta ce ita sai Uncle Ayuba ya zo ya yi musu Hausa. Na ce mu haɗu tukuna. Tana aiki a wani babban sito ta wajen titin Wendover, ta fito lokacin hutun rana muka zauna a motarta. Na miƙa mata takardar, na yi bayani. Ta karanta sau biyu.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun kafin a haifi Ladi."

"Ranar da na faɗi sunan, kana wurin."

"Ina wurin."

"Ka ci abinci."

"Na ci."

Ta kalli gaba, motoci na ta wucewa. Can ta ce in karanta mata sunan uwar da baki. Na ce Hannah. Ta maimaita a hankali. Sannan ta ce, "Sunan yarinya ba zai canza ba. Kakata ce ta sa mata, ba kai ba. Amma kada ka zo makarantar." Na kira ta sau biyu bayan nan ba ta ɗauka ba, na ga ba ni da haƙƙin kira na uku.

Na san da harshen da danginta ba sa ji nake wannan rubutu, kuma wani zai iya cewa wata ɓuyar ce. Watakila haka ne. Dalilina shi ne ku 'yan Arewan coci da kuka ɗinka mata kaya, kuka kai mata tuwo, kuka tsaya a kabarinta kuna kiran ta 'yar uwa, a kan maganata kuka yi, don haka ku ma na yaudare ku. Da na faɗa wa Anti Saratu, ta wanke ni tas, sannan ta ce ita dai ba don wani fim ta so matar ba, kuma atamfarta ba ta ɓaci ba. Ina ganin abin da ya rage na Mama Odessa ke nan a cikinmu: ta buɗe wa baƙi ƙofa da zuciya ɗaya, kuma abin da ta bayar na gaskiya ne ko da dalilin da na ba ta ƙarya ne.

Akwai abu ɗaya da Anti Saratu ta ƙara, shi ne nake neman taimako a kai. Ta ce a makonnin ƙarshe, bayan na fita daga falon, Mama ta ce, "Yaron nan yana da abu a maƙogwaro. Ku bar shi, zai fito da shi." Anti ba ta da tabbas ko ranar da aka tambaye ni takardun ne ko wata rana ce daban, ba ta kuma san ko maganar jarabawata ake yi ba. Ta ce akwai mata biyu na coci a falon, ɗaya tamu ce, amma ta manta wace ce. Idan kina cikinsu, ko wani ya tuna wani abu a labarin nan ba yadda na faɗe shi ba, ina roƙo a rubuto ta hannun editan wannan shafi, zan buga gyaran yadda ya zo. Kada a sassauta don a kwantar mini da hankali. Idan Mama ta sani, ta kwanta tana jira in dawo in faɗa mata, ina so a gaya mini.